TAKALMIN KALILU — Shafi na 19

Masu aiko min da saƙo tun jiya cewa na bar Arzika a kan hanya na tafi harkar gabana, na ji, na kuma gode da zagin. Ga shi na dawo da shi gida. Amma wadda ta san tana da saurin kuka ta sauke tukunyarta tukuna, don yau ban zo da abin dariya ba.

*

Tun daga kan kwana Arzika ya hango motar. Tsohuwar fijo ce mai buɗaɗɗen baya, irin masu kwaso buhunan shinkafa daga Argungu, an ajiye ta daidai ƙofar gidansa a Badariya. Ya rage gudu ya koma tafiya yana haki. Singiletinsa ta jiƙe sharkaf, kambas ɗinsa duk lakar hanyar Dukku.

A zaure ya tarar da maza uku. Biyu majiya ƙarfi ne, irin masu dakon buhu. Na ukun wani dogon tsoho ne da bai taɓa gani ba, ya saka wani buhu a tsakanin ƙafafunsa. Arzika ya yi sallama, suka amsa ba wanda ya kalli fuskarsa. Ƙafafunsa suke kallo.

Yana shiga tsakar gida ya ja ya tsaya.

Mahaifiyarsa ce zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, wadda kowa ke kira Goggo har 'ya'yan cikinta. Ƙaninta Kawu Abdussamadu na tsaye a kanta ya goya hannu a baya. Can bakin madafa matarsa Asiya ce raɓe, idanunta sun yi ja. A kan cinyar Goggo kuwa ga takalmi ƙafa ɗaya, na fata, baƙi.

Arzika ya durƙusa.

"Goggo, sannunku da zuwa. Yaushe kunka taso? Da kin aiko ai da ni zan..."

"Daga ina kake?"

"Nan hanyar Dukku na ɗan taka."

"Taka ko gudu?"

Ya sunkuyar da kai. "Gudu."

"Wa yab biyo ka?"

"Ba kowa."

"Kura? Gobara? Ɗan sanda?"

"Ko ɗaya, Goggo."

Ta ɗaga kai ta dubi Kawu. "Ka ji da bakinai."

Ku da kuke karantawa yau za ku ce to mene ne a ciki. Ku tuna muna 1987 ne, lokacin Birnin Kebbi na ƙarƙashin Sakkwato. Soja na gudu, 'yan makaranta na gudu ranar wasanni, ɓarawo na gudu. Amma magidanci mai gemu, malamin gona na gwamnati, mai ciyar da 'ya'yansa da marayun yayansa, ba ya gudu sai da dalili. Dalilin kuma dole a gan shi a bayansa yana bin sa.

Kawu ya gyara murya.

"Arzika, ka mai da mu abin hira. Direbobi na kawo labarinka tashar Argungu kamar albasa. Sun ce ranan nan har bin ka anka yi ana ɓarawo, sai da liman yaf fito yac ce ya san ka."

"Kuskure na anka yi, Kawu. Mun yi dariya mun rabu."

"Kai kay yi dariya. Mu ba mu yi ba."

Goggo ta ce, "Ka tuna Baffanka Sama'ila?"

"Ina ƙarami sa'ad da yar rasu."

"Ni ba ƙarama nike ba. Haka yas soma. Ana sallame asuba sai shi kwasa da gudu, ba mai kora. Munka ce a bar shi, zai daina. Ruwa bai janye ba anka tsamo gawatai ga gulbi, ƙasa da Gulma." Muryarta ta karye. "Abin ga cikin jinin ubanku shike. Na daɗe ina roƙon Allah shi tsallake ku."

"Goggo, lahiyata lau. Dube ni."

"Na dube ka. Ka rame, wuyanka ya hito." Ta ɗaga takalmin. "Wanga hwa? Mi shika yi rataye ga ƙusa, daidai gaban gadonka?"

Arzika ya ƙura wa takalmin ido.

Takalmin Kalilu ne, yayansa, ɗan farin Goggo, wanda ko sunansa ba ta iya kamawa. Ciwon suga ne ya ci Kalilu. Yana cikin fadama kaifin fartanya ya shafe shi a ƙafar hagu, bai ma ji ba. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, har aka kai shi asibiti a Sakkwato aka yanke ƙafar. Takalmin dama ya ci gaba da sawa har ya rasu. Na hagun ya rage sabo fil, ba ƙafar da za ta shiga.

Bayan rasuwar Goggo ta kwanta, sai da aka fidda rai da ita. Da ta tashi ta ce a gaban kowa, ranar da ciwon nan ya sake taɓa mata wani ɗa, a haƙa kabari biyu. Shi ya sa da likita ya gaya wa Arzika bara cewa shi ma yana da shi, ya dawo gida ya sa Asiya ta rantse ba za ta gaya wa Goggo ba.

"Ina tambayarka," in ji Goggo. "Mai hankali na kwana da takalmin mamaci bisa kainai?"

"Tunawa ta kawai."

"Ni da na haihe shi ban rataya ba."

Asiya ta matso taku biyu. Arzika ya girgiza mata kai. Ta ƙara matsowa.

"Malam, ka yi haƙuri. Na yi kaffara daga baya."

"Asiya!"

"Wallahi sai na hwaɗi. Ba ka ga buhun da ke zaure ba? Ni na ji ƙaran abin da ke ciki." Ta zube a gaban Goggo. "Goggo, ba hauka ta ba. Ciwon Yaya Kalilu na. Suga na gare shi, tun bara."

Kowa ya juya ya dubi Goggo. Ko kajin da ke tono a gindin randa sun ja baya.

Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta daɗe tana kallon Asiya, sannan ta ce, "Sake hwaɗi."

"Likita yac ce shi bar zaƙi, shi rage tuwo, shi riƙa shan magani. Yac ce kuma shi riƙa motsa jiki kullum, tahiya da ɗan gudu, in yana son ƙahwahunai. Shi na dalilin gudun. Wallahi shi na."

"Likita yac ce shi yi gudu."

"I, Goggo."

"Maras lahiya."

"I."

Goggo ta yi wata 'yar dariya da ba daɗin ji.

"Ɗiyar nan, ni za ki raina wa hankali? Na yi jinyar uwata, na yi jinyar mijina, na yi jinyar mai takalmin ga. Maras lahiya kwanciya shika yi. A ba shi kunu, a lulluɓe shi. Wane likita na zai dubi mutum da ciwo shi ce mai tashi ka yi ta gudu cikin raɓa?"

Kawu ya ce, "Rufa mai asiri takai. Ai mata ta."

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a labarin nan. Asiya ta karya rantsuwarta don ta cece shi, gaskiyar kuma ta zo ta ƙara ɗaure shi.

Arzika ya zauna dirshan a ƙasa. Tunda asiri ya riga ya tonu, sai ya saki baki.

"Goggo, ki saurare ni ko sau ɗaya. Kin san aikina. Rana na hitowa ina bisa babur, yau Argungu, gobe Gulma, ina cikin gonakin mutane hal la'asar. In na dawo ga gonar marigayi, ga ɗiyanai, ga nawa. Ba ni da wani lokaci sai tsakanin sallar asuba da hitowar rana. Shi kaɗai na nawa, shi na nika ba ƙahwahuna."

"Uhm."

"Ranar da na soma, daga falwaya guda zuwa ta gaba na kasa kaiwa. Na tsuguna bakin hanya na yi amai, mata masu zuwa ɗiban ruwa na ta dariya. Washegari na ce ba ni komawa. Sai na ruga falwaya guda, in taka guda, in ruga guda. Yau har bakin Dukku na kai ban tsaya ba. Da na koma asibiti likita yac ce sugan ya sauka."

"Takalmin nika tambaya."

"Akwai ranakun da ba ni son tashi, Goggo. In an kwana ana ruwa, ko na dawo daga Argungu bayana kamar an dake shi. Sai zuciya ta ce min yau ɗai, kwanta. In na buɗe ido na ga takalmin ga, sai in tuna wandon Yaya da munka riƙa naɗe mai ƙahwa guda, wadda anka yanke." Ya share fuska da bayan hannu. "Shi ka tashe ni. In shi ya kasa, Asiya ta janye bargo."

Hawaye ya zubo wa Goggo. Asiya ta ga haka ta ɗauka an ci nasara, har ta fara godiya ga Allah a ranta.

Sai Goggo ta juya ga Kawu ta ce a hankali, "Ka ji? Takalmi ka tashe shi. Magana shikai da shi."

"Ba haka na ce ba!"

"Sama'ila ma da gulbi shika magana."

Kawu ya sa hannu a aljihu ya fito da wani gwangwanin madara, ya girgiza shi. Ƙwayoyin maganin Arzika ne, ya ɗauko su a ɗaki.

"Ga kuma wanga. Ƙwaya. Safe da dare, in ji matarka." Ya ɗaga murya. "Maigandi! Bismilla."

Dogon tsohon nan ya shigo da buhunsa, majiya ƙarfin na biye da shi. Maigandi mai maganin taɓin hankali ne a wata ruga bayan Gulma. Duk ƙasar Argungu an san gidansa, an kuma san yadda masu shiga suke tafiya in sun fito, da ɗan gajeren taku. Ya ajiye buhun, ƙarfe ya yi ƙara. Ya zaro mari, zobba biyu na baƙin ƙarfe da sanda a tsakani, duk tsatsa ta ci su. Ya zaro guduma.

"Kar ku damu, Hajiya," in ji shi. "Na ga waɗanda sunka hi shi. Irin wanga mai daɗin baki shi ya hi wuya, don sai shi rinjaye ka da magana. Ƙahwa za mu soma kamawa. In ƙahwa ta zamna, kai na zamnawa."

Asiya ta ce, "Maganinai hwa? Na asibiti?"

"Ba a gama nawa da na Bature. Rubutu za shi sha da zuma, safe da marece. Ga hura mai kyau, ina da shanu. Kahin a yanke shinkafa kin ga ya yi ƙiba."

"Zuma?" Asiya ta ɗora hannu a ka. "Zuma da hura? Kashe shi za ku yi! Goggo, wallahi kashe shi za su yi!"

"Ke, rufa muna baki," in ji Kawu.

Ta waiga. Ƙofar baya, wadda ake fita zubar da shara, a buɗe take. Daga nan lungu ne, daga lungu sai titi.

"Malam, ruga!"

Arzika ya dubi ƙofar. Ya dubi majiya ƙarfin nan, kowanne da tumbinsa da silifas ɗinsa. Ya san abin da ya sani. Da bara ne, kafin ya kai bakin lungu sun cafke shi. Yau kuwa ba mai kamo shi a cikinsu, ko sun haɗa da direban. Zai iya kaiwa ofis, ya sami maigidansa, a kira likita ya yi musu bayani. Duk asubahin da ya tashi ba ya so, ashe wannan ranar yake wa tanadi.

Ya miƙe tsaye.

Goggo ma ta miƙe, ta dafa bishiya, takalmin na hannunta.

"Arzika."

"Na'am, Goggo."

"Kai ɗai kar rage min. In ka ɗaga ƙahwar ga ka ruga gabana, ban yahe ma nonon da kas sha ba. Duniya da lahira."

"Goggo, don Allah..."

"Na gama."

Asiya na kuka tana cewa, "Ruga, ta huce daga baya! Uwa ta, tana hucewa!"

Ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ƙarama, leɓenta ya bushe. Ba mugunta ce ta taso da ita daga Argungu da duhun asuba ba, tsoro ne. Ya ga in ya fita ƙofar nan, ko dai bakinta ya bi shi, ko ya dawo ya tarar an shimfiɗe ta.

Ya koma ya zauna. Da hannunsa ya kwance igiyar kambas ɗin, ya cire su, ya jera su gefe guda kamar yadda yake yi kullum.

"Asiya, ki ajiye min su inda rana ba ta bugu."

Ba a ma riƙe shi ba. Majiya ƙarfin suka tsaya cirko-cirko, kunya ta kama su. Aka mirgino dutsen niƙa daga madafa, Maigandi ya ɗora ƙafar dama a kai, ya zura zoben, ya saka ƙusa, ya fara bugu.

Kwam. Kwam. Kwam.

Arzika ya cije leɓe. "Sannu dai, Baba. Akwai zahi."

"Haƙuri. Zahin ga shi na maganin."

Goggo ta juya baya tana jan carbi. Kowane bugu sai kafaɗarta ta motsa.

Aka ɗora ƙafar hagu. Zoben nan ya fi ɗan'uwansa matsewa, bakinsa kuma ya yi kaifi inda tsatsa ta cinye. Maigandi ya danna shi da ƙarfi har ya shige. Ya ɗaga guduma. A bugu na biyu gudumar ta goce, bakin ƙarfen ya nutse a fatar idon sawu.

Asiya ce ta fara gani. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Jini ya biyo diddige, ya gangara kan dutsen niƙa, ya fara ɗiga a ƙasa. Maigandi bai kula ba, ya ƙarasa bugunsa, ya gwada ƙusar da yatsa, ya gyaɗa kai.

Arzika kuwa ko motsi bai yi ba. Idonsa na kan Asiya yana cewa, "Ki gaya wa yara, su Laure, na tahi aiki ƙauye. Kar ki bari su ji ga bakin mutane. Gonar marigayi kuma a..."

Shirun Asiya ne ya sa Goggo ta waigo.

Ta ga jinin. Ta ga fuskar ɗanta, ba ko yamutsa. Carbin ya tsaya a hannunta.

Ta taɓa ganin wannan. Ita ce ta tari Kalilu a ƙofar gida ranar da ya dawo daga fadama yana raha, yana tambayar abinci, jini na bin sawunsa tun daga zaure. Ita ta nuna masa. Ita ta wanke ƙafar da ruwan ɗumi yana ce mata bai ji komai ba.

Ta tako a hankali ta durƙusa a gaban dutsen.

"Arzika."

"Na'am."

"Ba ka jin zahi?"

"Na dama na yi min zogi kaɗan. Ba komi, Goggo."

"Na hagu nika tambaya."

"Lahiya lau take. Mi ya hwaru?"

Ta sa yatsa ta danna daidai bakin ciwon. Ta danna da ƙarfi har jinin ya ɓata mata farce. Idonta na cikin nasa.

"Yanzu hwa?"

"Yanzu mi?"

Sai a lokacin ya sunkuya ya duba.

Asiya ta ce da wata irin murya, "Malam, ka ce min ga yatsu na kawai ba ka jin komi. Ka ce min bai hau ba."



Takalmin Kalilu ya suɓuce daga hannun Goggo ya faɗi cikin jinin. Ta rarumo rigar Maigandi da hannu biyu.

"Cire shi. Gaskiya tah hwaɗi, ciwon na! Cire mai ƙarhen ga yanzu!"

Kawu ya ce, "Yaya, ki natsu. Ke kac ce komi za shi hwaɗi kar mu saurara, ko ke kanki in kin karaya kar mu..."

"Na ce a cire! Ina makullin? Ba ni makullin!"

Maigandi ya zare rigarsa daga hannunta a hankali. Ya jefa gudumar cikin buhu, ya ɗaure bakinsa. A waje direba ya tada mota.

"Wane makulli, Hajiya? Wanga bugagge na. Ba a yi shi don a buɗe ba."